Tarihin Arthur Compton, masanin da ya gano yadda hasken eksire ke karo da jiki

Duk wanda aka taɓa turawa ɗaukar hoton ƙirji ko na karaya a asibiti, zai iya tuna cewa ma'aikacin ba ya tsayawa kusa da shi a lokacin da za a kunna na'ura. Yakan koma bayan wani bango, ko kuma ya rataya wata riga mai nauyi da aka saka wa dalma, duk kuwa da cewa bakin na'urar majinyacin yake kallo.

Dalili kuwa shi ne, wani kaso na hasken da na'urar ke fitarwa yakan yi karo da jikin majinyacin, sannan ya fantsama zuwa sassan ɗakin. Mutumin da ya auna wannan fantsama, ya kuma bayyana yadda take aukuwa, shi ne Arthur Holly Compton, wani masanin kimiyyar fiziks ɗan ƙasar Amurka, wanda ya mutu a shekarar 1962.

Wannan bincike ne ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel yana da shekara 35 da haihuwa. Bayan shekaru 18 kuma, yana cikin masana huɗu da suka bai wa gwamnatin Amurka shawarar yin amfani da bam ɗin nukiliya a kan ƙasar Japan, lamarin da har yanzu ake tafka muhawara a kansa.

Ɗan gidan malamai

An haifi Compton ne a ranar 10 ga watan Satumban shekarar 1892, a garin Wooster da ke jihar Ohio. Mahaifinsa, Elias Compton, limamin coci ne, kuma malamin falsafa a kwalejin garin. Mahaifiyarsa, Otelia, ta fito ne daga zuriyar Mennonite, wata ɗariƙar Kirista da ta yi suna wajen ƙyamar yaƙi da ɗaukar makami.

Shi ne auta a cikin 'ya'ya huɗu. Shi da yayyensa maza biyu, Karl da Wilson, dukansu sun yi digirin digirgir a jami'ar Princeton, kuma kowannensu ya shugabanci wata babbar makaranta daga bisani. Yayarsa Mary kuwa wani ma'aikacin mishan ta aura, suka zauna a Indiya.

Tun yana yaro Compton ya nuna sha'awar taurari da jiragen sama. Ya ɗauki hoton tauraruwar nan mai wutsiya da ake kira Halley a lokacin da ta bayyana a shekarar 1910, ya kuma ƙera wani jirgi marar inji wanda ya tashi da shi. Ya taɓa tunanin bin sawun mahaifinsa a aikin addini, amma mahaifin ne da kansa ya ba shi shawarar ya riƙe kimiyya, tunda a nan baiwarsa take.

Ya kammala kwalejin Wooster a shekarar 1913, sannan ya samu digirin digirgir a 1916, inda ya yi nazari a kan hasken eksire. A wannan shekara ce ya auri Betty McCloskey, wadda suka yi karatu tare, suka kuma haifi 'ya'ya maza biyu. Ya koyar na shekara guda a jami'ar Minnesota, kana ya yi shekaru biyu yana aikin bincike a kamfanin ƙera fitilu na Westinghouse.

Hasken da ido ba ya gani

A lokacin da aka haifi Compton, babu wanda ya san da hasken eksire. Yana ɗan shekara uku ne, a watan Nuwamban 1895, Bajamushen nan Wilhelm Röntgen ya gano shi a jami'ar Würzburg, ya kuma ɗauki hoton hannun matarsa, inda ƙasusuwa da zobenta suka fito fili. A shekarar 1900 wani Bafaranshe mai suna Paul Villard ya gano wani hasken da ya fi wannan ƙarfin ratsa abubuwa, yana fitowa daga sinadarin radiyom. Shi ne wanda Ernest Rutherford ya raɗa wa suna gamma a 1903.

Dukansu biyun dangin hasken rana ne da na fitila, sai dai sun fi su ƙarfi nesa ba kusa ba. Kowane abu a duniya, daga dutse har tsokar jikin ɗan Adam, an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, kuma kowace ƙwaya tana da cibiya mai nauyi, wadda wasu 'yan mitsi-mitsin halittu da ake kira ilektaron ke kewaye da ita. Ana samun eksire ne idan aka harba ilektaron cikin tsananin gudu ya daki ƙarfe. Shi kuwa gamma daga cikin cibiyar ƙwayar zarra yake fitowa.

Likitoci sun rungumi eksire nan take, tun kafin a san illarsa. Ma'aikata da dama sun ƙone, wasu kuma aka yanke musu yatsu. Clarence Dally, mataimakin shahararren maƙerin nan Thomas Edison, ya mutu da ciwon daji a shekarar 1904, bayan an yanke masa hannuwa biyu. Ana ganin ɓarnar da hasken ke yi, amma ba a san takamaimai yadda yake yin ta ba.

A wancan zamani akasarin masana sun yi ittifaƙi cewa haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa. A shekarar 1912 Max von Laue ya nuna cewa eksire ma haka yake. Albert Einstein ne kusan shi kaɗai yake cewa, tun daga 1905, haske yana zuwa ne a dunƙule, ƙwaya-ƙwaya, kowace da adadin ƙarfinta. Masana sun girmama Einstein, amma ba su karɓi wannan ra'ayi nasa ba.

Gwajin St. Louis

A shekarar 1919 Compton ya samu tallafin karatu zuwa ɗakin bincike na Cavendish da ke jami'ar Cambridge a Ingila, wanda Rutherford ke jagoranta. A can ne ya riƙa haska abubuwa daban-daban da gamma, yana auna wanda ya fantsamo. Ya tabbatar da wani abu da wasu masana suka lura da shi kafinsa, wato hasken da ya fantsamo ya fi na asali rauni, domin an fi saurin tare shi.

Wannan kuwa ya saɓa wa abin da ake koyarwa. Idan igiyar ruwa ta taɓa kara a cikin tafki, karan zai riƙa hawa da sauka daidai da kaɗawarta, kuma igiyoyin da zai tayar tazararsu ɗaya ce da ta farko. In dai haske igiya ce kawai, to wanda ya fantsamo bai kamata ya sauya ba.

Compton bai gaggauta komawa ga ra'ayin Einstein ba. Ya shafe kimanin shekaru biyar yana neman bayani a cikin tsohon ilimin, har ya yi zaton ko ilektaron ya fi girman da ake tsammani. Awon da ya riƙa yi ne ya rushe waɗannan zace-zace ɗaya bayan ɗaya.

A shekarar 1920 ya koma Amurka a matsayin shugaban sashen fiziks na jami'ar Washington da ke birnin St. Louis. A can ya koma ga eksire, saboda an fi iya auna shi dalla-dalla. Ya yi amfani da hasken da ƙarfen molibdenam ke fitarwa, ya haska shi a kan wani curin girafait, wato baƙin abin da ke cikin fensir, sannan ya auna wanda ya fantsamo ta kusurwoyi daban-daban.

Abin da ya samu a ƙarshen shekarar 1922 shi ne, hasken da ya fantsamo ya rasa wani ɓangare na ƙarfinsa, kuma iyakar yadda ya kauce daga hanyarsa ta asali, iyakar ƙarfin da ya rasa. Wanda ya karkata gefe sosai, wato digiri 90, tsayin igiyarsa ya ƙaru da kimanin kashi 3 cikin 100. Wanda ya juyo baya kuwa ya fi haka asara.

Sai Compton ya yi lissafin tamkar ƙwallaye biyu ne suka yi karo a kan teburin sunuka. Ƙwayar haske ta zo da gudu ta daki ilektaron, ta miƙa masa wani kaso na ƙarfinta, shi ya yi nasa wuri, ita ma ta yi nata da ragowar. Idan gogar juna kawai suka yi, asarar kaɗan ce. Idan kuwa gaba da gaba suka haɗu, asarar ta fi yawa. Lissafin ya yi daidai da awon.

An buga sakamakon a mujallar Physical Review a watan Mayun 1923. A daidai wannan lokaci wani masani ɗan ƙasar Holland, Peter Debye, ya cim ma lissafi iri ɗaya a birnin Zurich, ba tare da sanin aikin Compton ba. Sai dai Compton ne ke da hujjar awo a hannu, shi ya sa ake kiran lamarin da sunansa.

Jayayya da tabbaci

Ba a karɓi binciken cikin sauƙi ba. William Duane na jami'ar Harvard, wanda ya girme shi, ya kuma yi suna a fannin eksire, ya maimaita gwajin ya ce bai ga abin da Compton ya gani ba. Sun yi muhawara a bainar jama'a a tarukan masana, ciki har da wanda aka yi a birnin Toronto a shekarar 1924, kuma kowannensu ya ziyarci ɗakin binciken ɗan uwansa. Daga ƙarshe Duane ya sake awo, ya kuma amince cewa Compton ne ke da gaskiya.

Cikin waɗanda suka taimaka wajen kawo ƙarshen gardamar har da wani ɗalibinsa ɗan ƙasar Sin, Wu Youxun, wanda ya yi aiki da shi a jami'ar Chikago, inda Compton ya koma a 1923. Wu ya maimaita gwajin a kan sinadarai 15, ya nuna cewa lamarin bai taƙaita ga girafait ba. Daga baya ya zama ɗaya daga cikin iyayen kimiyyar zamani a ƙasarsa.

Babban masanin nan na ƙasar Denmark, Niels Bohr, shi ma ya yi turjiya. A shekarar 1924 shi da abokan aikinsa biyu suka gabatar da wani bayani da zai kauce wa batun ƙwayoyin haske. Amma a 1925 Walther Bothe da Hans Geiger a Jamus suka nuna cewa ilektaron da hasken da ya dake shi a lokaci ɗaya suke fitowa. Shi ma Compton, tare da Alfred Simon, ya ɗauki hoton sawun ilektaron a cikin wata na'ura mai tururi, ya ga ya bi hanyar da lissafi ya nuna. Bohr ya janye.

Tun daga nan masana suka yarda cewa haske yana da hali biyu, na igiya da na ƙwaya, kuma a kan wannan tushe aka gina sabon ilimin fiziks na ƙarni na 20. A shekarar 1926 aka raɗa wa ƙwayar haske suna foton. A 1927 kuma aka raba lambar Nobel tsakanin Compton da C. T. R. Wilson, ɗan yankin Scotland da ya ƙera na'urar nan mai tururi.

Hanyoyi uku

A yau ɗaliban likitanci da na ɗaukar hoto a asibiti suna koyon cewa akwai manyan hanyoyi uku da eksire da gamma ke mu'amala da duk abin da suka shiga. Ƙarfin hasken da kuma irin abin da ya shiga, su ne ke tantance wadda za ta rinjaya. Ana auna ƙarfin ne da ma'aunin ilektaron-bolt. Ƙwayar hasken da ido ke gani tana da biyu zuwa uku, ta eksire na asibiti tana da dubbai masu yawa, ta gamma kuwa takan haura miliyan.

Hanya ta farko ita ce wadda Einstein ya yi bayani. Foton yakan miƙa wa ilektaron dukan ƙarfinsa, ya fizge shi daga ƙwayar zarra, shi kuma ya ɓace. Wannan ya fi aukuwa idan ƙarfin hasken bai yi yawa ba, kuma abin da ya shiga yana da ƙwayoyi masu nauyi. Shi ya sa ƙashi, mai ɗauke da sinadarin kalsiyam, yake shanye hasken fiye da tsoka, ya fito fari a hoto. Shi ya sa kuma dalma, wadda kowace ƙwayarta ke da ilektaron 82, ta zama garkuwa.

Ta biyu ita ce ta Compton, inda foton ke ba da wani kaso kawai, ya ci gaba da tafiya ta wata fuska. A cikin tsokar mutum wannan ce ke rinjaya daga kimanin ilektaron-bolt 30,000 har zuwa fiye da miliyan 20. Ita ce ke sa hoto ya yi hazo, abin da ya sa ake ajiye wata raga mai siraran layukan dalma a bayan majinyaci domin ta tare hasken da ya karkace. Ita ce kuma ke kai hasken wurin ma'aikacin da ke tsaye a gefe.

Ta uku ba ta aukuwa sai ƙarfin foton ya haura ilektaron-bolt miliyan 1.02. A nan, idan ya gifta kusa da cibiyar ƙwayar zarra, yakan rikiɗe ya zama halittu biyu, ilektaron da kishiyarsa da ake kira fozitaron. An tabbatar da wannan ne a farkon shekarun 1930.

A duka hanyoyin uku, ilektaron ɗin da aka tunzura ne ke yin ɓarna. Yakan kutsa cikin tsoka yana karya sinadaran da ya tarar, ciki har da ƙwayoyin gado na DNA. Idan hasken kaɗan ne, kamar na hoton ƙirji guda, haɗarin ƙanƙane ne ƙwarai, kuma amfanin hoton ya fi shi yawa. Idan ya yi yawa, yakan jawo ƙuna, ko ciwon daji, ko mutuwa. Wannan ɓarna ce likitoci ke juyawa a kan ƙari idan suna gashin ciwon daji, ko dai da sinadarin kobal-60 mai fitar da gamma, ko da na'urorin zamani masu fitar da eksire mai tsananin ƙarfi.

Eksire da gamma ba su da wani kauri da za a ce a nan suke tsayawa cak, raguwa kawai suke yi. Dalma mai kaurin santimita ɗaya da 'yan kai takan rage gamman kobal-60 da rabi, wani kaurin kamarsa kuma ya rage rabin abin da ya saura.

Daga Lahore zuwa sararin samaniya

A tsakanin 1926 da 1927 Compton ya je birnin Lahore, wanda a lokacin ke cikin Indiya a ƙarƙashin mulkin Ingila, yanzu kuma yake Pakistan, inda ya gabatar da laccoci a jami'ar Punjab. Daga nan hankalinsa ya fara karkata ga wani haske mai ƙarfi da ke sauko wa duniya daga sararin samaniya.

Robert Millikan, wanda shi ma ya ci lambar Nobel, ya dage cewa wannan haske nau'in gamma ne. Compton ya shirya tawagogi a farkon shekarun 1930, suka zaga nahiyoyi da na'urori iri ɗaya, suna hawa duwatsu suna awo. Sakamakon ya nuna cewa hasken ya fi yawa idan aka nufi ƙuryar arewa ko ta kudancin duniya, ya kuma ragu a tsakiyarta, kamar yadda Jacob Clay ɗan ƙasar Holland ya lura tun 1927.

Tunda maganaɗisun duniya ba ya karkatar da gamma, wannan ya nuna cewa akasarin abin da ke zuwa ƙwayoyi ne masu ɗauke da cajin lantarki. Masanan biyu sun yi zazzafar muhawara a watan Disamban 1932, kuma lokaci ya gaskata Compton.

Shekarun yaƙi

A shekarar 1941, lokacin da yaƙin duniya na biyu ke ci a Turai, aka ɗora wa Compton shugabancin wani kwamiti da zai duba ko za a iya ƙera makami da sinadarin yuraniyom. A watan Nuwamban shekarar kwamitin ya ba da rahoton cewa abin mai yiwuwa ne. Babbar fargabar masanan a lokacin ita ce kada Jamus ta Hitler ta riga kowa.

Bayan Amurka ta shiga yaƙin, aka ba shi alhakin samar da sinadarin fulutoniyom. Ya tattara masana a jami'ar Chikago a ƙarƙashin wani suna na ɓad-da-kama, wai ɗakin binciken ƙarafa. Shi ne kuma ya ɗora Robert Oppenheimer a kan lissafin yadda bam ɗin zai kasance a tsakiyar 1942. Ya shaida wa hukuma cewa ba ya ɓoye wa matarsa komai, don haka aka tantance ta ita ma, aka ba ta izinin sanin sirrin.

Da aka samu jinkiri wajen gina wurin gwaji a bayan gari, Enrico Fermi ya nemi a gina tukunyar nukiliya ta farko a ƙarƙashin wurin zaman 'yan kallo na filin wasan jami'ar, a cikin birni mai miliyoyin mutane. Compton ya amince da lissafin Fermi, ya kuma yanke shawarar shi kaɗai, ba tare da ya tuntuɓi shugaban jami'ar, Robert Hutchins, ba. A ranar 2 ga watan Disamban 1942 tukunyar ta yi aiki lami lafiya.

Saboda sanin da ya yi wa illar waɗannan haskoki, ya kafa sashen kula da lafiyar ma'aikata a ƙarƙashin wani likitan eksire, Robert Stone. Daga wannan sashe ne fannin kare jama'a daga tururin nukiliya ya samu sunansa da tsarinsa na zamani.

Shawarar watan Yunin 1945

Jamus ta miƙa wuya a watan Mayun 1945, tun kafin a kammala bam ɗin, sai ya rage Japan. A nan ne kan masanan Chikago ya rabu. Wani kwamiti a ƙarƙashin James Franck ya rubuta rahoto yana neman a fara gwada makamin a wani wuri da babu mutane, a gaban wakilan ƙasashen duniya, yana kuma gargaɗin cewa harin ba-zata zai haifar da tseren ƙera makamai. Compton da kansa ya raka rahoton zuwa birnin Washington, amma ya haɗa shi da takardar da ke nuna damuwarsa game da rayukan da za a rasa idan yaƙin ya ci gaba.

A ranar 16 ga watan Yuni, shi da Oppenheimer da Fermi da Ernest Lawrence suka miƙa nasu ra'ayin a matsayin masu bai wa gwamnati shawara. Sun amsa cewa akwai saɓani a tsakanin masana, amma suka ce ba su ga wani gwajin nuni da zai kawo ƙarshen yaƙin ba, ba su kuma ga wata hanya ba illa a yi amfani da makamin kai tsaye.

An jefa bam na farko a Hiroshima a ranar 6 ga watan Agusta, na biyu kuma a Nagasaki a ranar 9 ga wata. Na biyun da fulutoniyom aka yi shi, wato sinadarin da aikin Compton ya samar. An ƙiyasta cewa kafin ƙarshen shekarar kimanin mutane 140,000 sun mutu a Hiroshima, wasu kimanin 70,000 kuma a Nagasaki. Akasarinsu wuta da rugujewar gine-gine ne suka kashe su, amma dubbai sun mutu bayan kwanaki ko makonni, gashin kansu na zubewa, jininsu na lalacewa, saboda tururin nukiliya da ya ratsa su, wanda gamma ke da babban kaso a cikinsa.

A asibitin Red Cross na Hiroshima an tarar da faya-fayan ɗaukar hoton eksire da aka adana sun lalace, tamkar an haska su. Masanin da gwamnatin Japan ta tura birnin domin ya tantance irin makamin shi ne Yoshio Nishina, mutumin da a ƙarshen shekarun 1920, tare da Oskar Klein na ƙasar Sweden, ya fitar da cikakken lissafin karon da Compton ya gano.

Compton bai taɓa janye matsayinsa ba. A cikin littafinsa mai suna Atomic Quest, wanda ya fito a 1956, ya kare shawarar da cewa ta gaggauta ƙarshen yaƙi, ta kuma ceci rayuka a ɓangarorin biyu. Masu sukarsa kuwa suna ganin cewa mutumin da ya fi kowa kusanci da masanan da suka yi gargaɗi, wanda kuma ya san abin da gamma ke yi wa jiki, ya kamata a ce ya tsaya tare da su. Masana tarihi ba su daidaita ba har yau a kan ko Japan za ta miƙa wuya ba tare da bama-baman ba.

Ƙarshen rayuwarsa

Bayan yaƙin ya koma St. Louis a matsayin shugaban jami'ar Washington, ya bar bincike ya rungumi mulki. A zamaninsa ne, a shekarar 1952, jami'ar ta buɗe karatun digirin farko ga baƙaƙen fata, ko da yake an zarge shi da jan ƙafa a kan batun, tunda ya shafe shekaru a kan kujerar kafin hakan ta tabbata. A 1953, da ya ga direbobi na sharara gudu a harabar jami'ar, ya zana wani irin tudun kan titi da ke tilasta musu rage gudu.

Ya kasance mai riƙo da addininsa har ƙarshen rayuwarsa, ya kuma yi rubuce-rubuce a kan dangantakar kimiyya da imani, da kuma 'yancin ɗan Adam na zaɓar abin da zai aikata, ciki har da littafinsa The Freedom of Man na shekarar 1935.

Ya yi ritaya a 1961. A farkon shekara mai bi mata ya je birnin Berkeley na jihar California domin gabatar da jerin laccoci, inda jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa. Ya mutu a ranar 15 ga watan Maris na 1962 yana da shekara 69, aka kuma binne shi a Wooster, garin da aka haife shi.

A watan Afrilun 1991 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba wani tauraron ɗan Adam mai nauyin kimanin tan 17, wanda aka sa wa sunansa, domin nazarin hasken gamma da ke zuwa daga taurari masu nisa. Ɗaya daga cikin na'urorinsa huɗu tana gano inda hasken ya fito ne ta hanyar auna irin karon da Compton ya bayyana a St. Louis. Tauraron ya yi aiki na shekaru tara, kafin a sauko da shi cikin tekun Pasifik a watan Yunin shekara ta 2000.